Wanda Bai Taɓa Firijin Matar Ba

Doya nake sayarwa a Jalingo, kuma duk cinikina a kan amana yake tsaye. Wani dattijo Bamumuye a Iware, wanda nake kira Baba, shi ke ɗora mini kaya, in na sayar in kai masa kuɗinsa. Shekara da shekaru muna haka, ko takarda ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba.

Sai wani ɗan kwangila daga Abbare ya kwashi doya mota guda a hannuna, ya ce mako biyu. Mako biyun nan ya zama wata biyar. Na kai shi kotu, alƙali ya ce ya biya, aka ba ni takarda mai tambari. Na naɗe ta a leda na cusa ƙasan akwati, na zauna jiran kuɗi. Wallahi ni a zatona kotu ce za ta bi shi da kanta. Haka na ƙara zubar da wata huɗu, ga lokacin tada kunyar doya a gona ya matso, Baba na neman abin biyan 'yan ƙwadago. Kunya ta hana ni taka Iware.

Ranar da na koma kotu da faɗana na shiga. Magatakarda ya bari na sauke, sannan ya ce, "Hajiya, hukuncinki na nan da ransa. Amma sai kin nema a rubuce za a zartar." Na cika takardun ina huci. Ya haɗa ni da ma'aikacin da ke kamo kaya, wani siririn tsoho mai babur da sai an tura yake tashi. Da na gan shi raina ya ɓaci, na ce wannan ko akuya ba zai ƙwato ba.

Muka je gidan ɗan kwangilar da ɗan sanda guda. Ni burina a watso kujeru da talabijin a ƙofar gida, unguwa ta sha kallo. Tsohon nan kuwa sai da ya yi sallama sau uku, ya cire takalmi, ya karanta wa mai gidan takardar a hankali. Duk abin da ya nuna sai ya tambaya, "Wannan na waye?" Da aka zo kan wani ƙaton firiji, matar gidan ta fito da rasit mai sunanta, ta ce da shi take sayar da zoɓo. Ya duba, ya mayar mata, ya wuce.

A waje na tare shi. "Malam, nawa suka ba ka?"

Bai ko ɗaga murya ba. "Goggo, mijin ne alƙali ya ce ya biya, ba matar ba. In na ɗauki nata, gobe ta shigar da ƙara, komai ya tsaya. Kujerun nan kuma a gwanjo ko buhun gishiri ba za su saya miki ba. Kunyarsa kike so ko kuɗinki?"

Na ce duka biyun. Ya yi dariya ya tura baburinsa.

Mako uku ban ji ɗuriyarsa ba, na gama zaginsa a raina. Ashe yawo yake yi a tashoshin keke napep, yana zama da direbobi yana shan shayi, har ya gano mutumin na da keke biyu da ya bayar haya, kuma takardunsu da sunansa. Wata safiya ya ɗaure su a harabar kotu, aka manna sanarwar gwanjo. Kafin ranar ta zo, ɗan kwangilar da ke rantsuwa ba shi da ko sisi ya kawo kuɗin cif.

Na kai wa tsohon doya goma gidansa, da ban haƙuri a kan maganar da na yaɓa masa. Haƙurin ya karɓa, doyar kuwa ya sa aka mayar mini cikin keke. Har yau in na tuna abin da na ce masa sai na ji nauyi.

Ranar na wuce Iware. Na sami Baba a gona, rabi an tada kunya, rabi ciyawa ta rufe, don lokaci ya wuce. Zaman jiran da na yi ne ya ci masa wannan rabin, kuma na sani. Na durƙusa na miƙa kuɗin. Bai ƙirga ba, ya cusa a aljihu, ya nuna mini wani tarin doya da aka lulluɓe da ganye a gindin bishiya.

"'Yata, kai ya daɗe," in ji shi. "Masu saye uku ya zo, na ce wannan yana da mai shi."