Gahawar Malam a Badariya

Shekarar da maigidana ya dawo daga kwas ɗin aikin gona, tsarabar da ya kawo mana 'ya'yan gahawa ce cikin wata 'yar leda. Muna zaune a unguwar Badariya lokacin, shi kuma yana koyarwa a makarantar aikin gona. Duk gidanmu ba mai shan gahawa, shi kansa shayi yake sha.

Ya yi mini bayani cewa an haska irin da wani haske mai ratsa jiki, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Hasken yakan hargitsa abin da iri ya gada, sai tsiron ya fito da sabon hali. Yawanci halin banza ne, amma a cikin dubbai akan dace da guda mai amfani. Shi yana neman wanda zai jure zafin Kabi.

Na dubi ledar, na ce, "Malam, ai wanga bai cika tafin hannu ba."

Ya ce, "Rabo ba ya bin yawa."

Ya shuka su a tukwanen ƙasa. Wasu ba su fito ba, wasu suka fito da ganye a murɗe, wani kuma fari fat. Kowanne Malam ya gani sai ya yi murna, wai alama ce hasken ya yi aiki.

Da bazara ta kama, sai itacen da ake so ya koyi jure zafi ya koma ɗakinmu, gaban fanka. Mu muka dawo tsakar gida da tabarmi. Ruwan randa mai sanyi nasa ne, mu sai abin da ya rage.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Argungu. Ta tarar da jikokinta cike da ƙurajen zafi, ta leƙa ɗaki ta ga tukwane suna shan iska. Malam ya fara yi mata bayanin hasken, ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "To, hoton da anka yi mishi, mi anka gani?"

"Ba ciwo ya kai shi ba, Inna."

"Ai ko yanzu ya samu. Shinkafar babanka cikin rana take kwana take tashi, ba ta taɓa neman fanka ba."

Nan take ta sa aka mayar da yaran ɗaki. Tukwane suka koma ƙarƙashin dalbejiya. Kafin ruwan farko duk sun bushe, saura ɗaya.

Wannan ɗayan ya rayu, ban san dalili ba. Bai yi tsawo ba, bai taɓa fure ba, amma ganyensa kore shar, yana sheƙi. Malam ya ce gajartar ma sabon hali ce, akwai ƙasashen da ake nemanta ido rufe. Ba wanda ya zo nema daga can.

Wadda ta zo maƙwabciyarmu ce, wata Bayarabiya mai shagon atamfa a unguwar Nasarawa. Ta ce ya tuna mata gonar kakanta, ta roƙa a ba ta. Malam ya ɗauka ya kai mata da kansa a bayan babur. Ta ajiye shi a bakin shago, masu sayayya suna taɓa ganyen suna tambaya ko na roba ne.