Yatsu Uku a Wuyan Jita

Wayar lasifika na shigo saya a shagon kayan kiɗa, ina sauri, sai ga ni tsaye ina kallon wani dattijo. Garin katako ne a gashinsa, ina jin kafinta ne. Ni da ba na ganin abu ban ƙirga ba, na ƙirga yatsunsa da ke kan tsirkiyoyin jita: uku. Gurbin na huɗun sabon tabo ne, irin aikin zarto. Yadda ya rungume jitar ka san sun daɗe tare, amma duk kamun tsirkiyar da ya haddace yana neman yatsan da babu.

"Baba, bar tsohon kamun," in ji mai shago. "Sauti uku ne ke haɗuwa: na ɗaya, na uku, na biyar a jerin sautuka. Nemo su inda hannunka zai kai."

"Da furfurata za ka mayar da ni aji ɗaya?"

Amma ga shi yana ƙirgawa, leɓensa na motsi, gaɓa bayan gaɓa a wuyan jitar. Ya danna, ya kaɗa, jitar ta yi gardama. Ya gusar da yatsa ɗaya, ya sake kaɗawa, sai sautin ya fito tas.

"Ashe ukun ma sun isa," ya ce a hankali. Da jitar yake magana, ba da mu ba.