Daɓen da Ya Kayar da Ni da Taubashiyata a Birnin Gwari

Liman na sallame sallar asuba muka bar Rigasa, ni da ɗana na biyu, a wata a-kori-kura da ya ɗauko shata. Shi sana'arsa daɓen siminti ce, irin na zamani da ake zuba wa kala, idan ya bushe a bi shi da inji a goge har mutum ya hango haƙoransa a ƙasa. Ni kuwa ba ni da aikin komai a tafiyar sai baki. Saboda bakin aka gayyace ni.

Ga abin da ya kai mu. Ina da taubashiya, 'yar kawuna, ta girme ni sosai. Idonta ya tafi, sai dai ta bambance rana da inuwa. Duk rayuwarta a wani ƙauye ta yi ta wajen Damari. Da zaman can ya gagara saboda 'yan bindiga, ɗanta Alhaji, mai sayen hatsi, ya ɗauko ta ya kawo ta gidan da ya gina a cikin garin Birnin Gwari. Ɗana ne ya yi masa daɓen tsakar gidan bara. To daɓen nan ya kayar da ita ta bugu a ƙugu, tun ranar ta ƙi taka tsakar gida, ta kuma kafe sai an mayar da ita ƙauye, inda gidansu ba kowa, ko ƙyaure babu. Alhaji ya kira ni a waya ya ce, "Kawu, kai kaɗai take saurara, ko da zagi ne. Ka zo, ka taho da mai daɓen."

A Buruku direba ya tsaya, ya ce ba ya shiga dajin sai rana ta ɗaga motoci sun yi yawa. Ban yi gardama ba, ni da na fara karanto duk addu'ar da na iya tun daga Mando, har da ta cin abinci. Muka sha shayi da burodi a wajen wani mai shayi da ke zuba madara kamar yana ɗiga maganin ido. Manyan motoci suna ta fitowa daga yamma, wasu da gawayi, wasu da buhunan masara har sun karkace.

Hanyar kuwa, inda kwalta ta rage sai ka gode Allah, inda ta ƙare sai ka riƙe hularka. Injin gogen ɗana yana baya yana ta tsalle, shi kuma yana waiwaye kamar mai jego. A wani shinge wani soja ya leƙa ya tambayi abin da ke cikin buhuna. Ɗana ya buɗe masa garin kala, ja da baƙi da ruwan ɗorawa. Sojan ya dangwala da yatsa ya duba, ya ce in mun dawo mu yi masa ɗakinsa a gida. Na ce in dai ba shi da tsohuwa.

Bayan Udawa daji ya haɗe. Direba ya kashe rediyo ba wanda ya sa shi. Akwai wuraren da za ka ga katanga a tsaye babu rufi, ciyawa ta fito ta taga. Amma ka ɗan ƙara gaba sai ka ga an dawo: masara an karye ta an tara, wani yana sabon jinka, shanu suna ƙetare titi da Bafulatani a bayansu ko kallonmu bai yi ba. A wani ɗan gari mata suka kewaye motar da nono da gasasshiyar masara. Abin da ke sayen guda a Kaduna, nan biyu ya saya mini har da gyara. Haƙoran da suka rage mini ba su da yawa, amma sun yi ƙoƙari.

Mun shiga Birnin Gwari rana ta take. Jama'a, sai da na ga tsakar gidan nan na san yaron ya iya aiki. Daɓen ja ne kamar hanta, da ratsin baƙi a gefe, yana ƙyalli har bishiyar mangwaron gidan tana fitowa a ciki. Na ce a ba ni buta. Na yi alwala a bakin rariya, na miƙe da jiƙaƙƙen silifa zan nuna musu yadda dattijo ke tafiya. Ban san lokacin da ƙafafuna suka wuce ni ba. Sai ji na yi tim, na yi zaman 'yan bori, buta ta yi gabas, hula ta yi yamma.

Daga cikin wani ɗaki aka ce, "Wane ne ya zube kamar buhun gero?"

Na ce, "Angonki ne ya iso."

"Ashe ɓarawon ƙuli ne. Allah Ya ƙara."

Sai dariya. Matar Alhaji ta raɗa mini cewa rabon da su ji dariyar Inna tun kafin faɗuwarta. Na ce to ƙuguna bai tafi a banza ba.

Na ɗingisa na shiga wajenta. Ta rame. Muka gaisa, muka yi ta'aziyyar waɗanda aka rasa, suna da yawa. Na fara yi mata wasa, na ce ina za ta koma ta bar lantarki da famfo da shinkafa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ba faɗuwar ce ta dame ta ba, ta sha faɗuwa a duniya. A ƙauye, in ji ta, ita da ƙawayenta suka yi daɓen gidanta da hannunsu, da tsakuwa da madaɓi da ruwan makuba. Ta san inda ya ɗan lotsa kusa da rumbu, ta san inda tsakuwa ta fito a gindin randa, ta san inda ya yi laushi saboda zaman tabarma. Da idonta ya tafi ba ta nemi ɗan jagora ba, tafin ƙafarta ke gaya mata inda take.

"Nan kuwa ko'ina ɗaya ne," in ji ta. "Kamar an ɗora ni a kan faranti. Ni da na aurar da 'ya'ya, a ce sai surukata ta riƙe mini hannu zan zaga bayan gida? Gara in koma, abin da zai same ni ya same ni a inda na san hanya."

Duk bakin da na taho da shi daga Kaduna sai ya ƙafe.

Da la'asar muka zauna a zaure da Alhaji da ɗana, na ba su labari. Sun riga sun gwada shimfiɗa leda, iska ta naɗe ta. Sun gwada ɗaura igiya, ta ce ita ba akuya ba ce. Alhaji ya ce a kawo guduma a farfashe daɓen gaba ɗaya, uwarsa ta fi masa. Na kalli ɗana. Wannan daɓen shi ne hoton da yake nuna wa duk mai son ba shi aiki. Ya sunkuyar da kai ya ce in fasawa ce zai fasa da hannunsa, amma a bar shi ya gwada wani abu tukuna, don ko an fasa an sake zubawa, ƙafar Gwaggonsa ba za ta san sabon ba.

Ya kwaɓa siminti kaɗan ya zuba a kan allunan katako biyu a bayan gida. Ɗaya ya ja masa tsintsiya tun yana ɗanye. Ɗaya ya danna masa wata roba mai zanen dutse da yake yi wa masu kuɗi harabar gida da ita. Washegari da suka ɗan kama aka kai mata ƙofar ɗaki. Ta taka na tsintsiya ta ce kaushin ƙafarta ya fi ƙarfinsa, ba ta ji komai ba. Ta taka mai zanen dutse, babban yatsanta ya maƙale a tsagin, ta ce wannan shi zai ƙarasa ta. Yaron nan ya tsuguna a gabanta kamar an yi masa rasuwa. Ta lalubo kansa ta shafa, ta ce ba laifinsa ba ne, shi don masu ido ya yi.

Sai ta tambaya ko akwai totuwa a gidan. Totuwar masara a gidan mai hatsi a lokacin kaka! Tudu guda ce a bayan madafa ana hura wuta da ita. Ta ce a ƙauye tana da maƙwabciya Bagwariya mai ginin tukwane, in ta gina tulu sai ta mirgina totuwa a kafaɗarsa tun yana ɗanye, don kada ya suɓuce wa mai jiƙaƙƙen hannu. Ɗana bai jira ta gama ba ya tashi ya sake kwaɓi. Aka miƙa mata totuwa, ta durƙusa ta mirgina da tafin hannu, ta shafa wurin da yatsu. Zanen ya fito ƙanana-ƙanana kamar bayan kada. Ta ce, "Yauwa. Wannan yana magana da ƙafa."

Aikin ya ci ƙarfi. Ita ta faɗi inda hanya za ta bi: daga ƙofarta zuwa bayan gida, reshe ɗaya ya nufi randa da madafa, ɗaya ya nufi gindin mangwaro. Ɗana ya ja igiya, ya tayar da janareto, ya yanka daɓensa da inji, ya sassaƙe tsakanin da guduma. Ina kallonsa, kowane bugu sai ya ɗan runtse ido. Ya kwaɓa sabon siminti da kalar ruwan ɗorawa ya zuba, faɗin abin da mutum ɗaya zai bi a sake. Sai mata suka karɓe aikin. Matar Alhaji, da wata malamar firamare 'yar wajen Kafanchan da ke haya a maƙwabta, da wasu tsofaffi biyu da su ma gudu ya kawo su gari, kowa da totuwarta, Inna a gaba tana gyara musu hannu. Tsofaffin suka tuno waƙar da ake yi in ana daɓe, suka fara a hankali, ɗaya ta kasa ƙarasawa ta koma gefe tana share ido. Duk inda hanya ta rabu, Inna ta sa a danna bakin gwangwani, don ƙafa ta san an zo mararraba. Ni aikina miƙa totuwa. Sau ɗaya na ce bari in gwada, na dafa da gwiwa na bar musu rami, aka kore ni.

Aka rufe hanyar da jiƙaƙƙun buhuna, ana yayyafa ruwa safe da yamma, sai an jira ta yi ƙwari. A kwanakin ɗana ya samu aikin goge daɓen wani kantin magani a bakin kasuwa, ni kuma na yi ta yawo. Kasuwar hatsi ta cika, 'yan dako suna gudu da buhu a wuya, dillalai suna cusa hannu a masara suna taunawa. Kowa ka zauna da shi yana da ƙauyen da ya baro. Wani tsoho daga Gwaska ya ce mini abin da ya fi kewa shi ne dutsen da yake zama a kai a ƙofar gidansa. Na ci tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa har wandona ya fara ƙorafi.

Ranar da aka kwashe buhunan, abin ya ba ni mamaki. Hanya ruwan ɗorawa ta ratsa jan daɓe kamar aikin wuyan riga, har tsakar gidan ta fi da kyau. Na ce wa mutanen gidan kowa ya kama harkarsa, kada a tsaya ana kallon Inna, makaho yana jin ido a jikinsa. Muka yi kamar muna hira, ba mai jin abin da wani ke cewa.

Da hantsi ta fito ƙafa ba takalmi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta laluba da yatsun ƙafa, ta ɗora ɗaya, ta ɗora ɗayar. Ta tafi a hankali, hannunta a gaba. Da ta zo kan zanen gwangwani ta tsaya, ta murza shi da diddige, ta juya ta nufi randa. Ta ɗebi ruwa da moɗa ta sha, ta koma mararraba, ta bi ɗaya reshen har gindin mangwaro ta zauna. Abin da ta fara cewa shi ne ba a iya shara a gidan nan ba, duk yashi ne a hanya.

Alhaji ya je ya durƙusa kusa da ita. Ta ce, "In an samu mai shiga ƙauye, a ɗauko mini turmina, in ba a ƙone shi ba. A ajiye shi nan gefen bishiya." Ya ce to, Inna. Ya tashi ya shige zaure, ya daɗe bai fito ba.

Mun juyo washegari da buhun masara da Alhaji ya tilasta mana, da ƙullin daddawa daga wajen Inna, wadda ta ce a ba matata, kada a bar shi a hannuna. Dajin bai ba ni tsoro kamar zuwa ba, ko don cikina a cike yake. Mun shiga Kaduna kafin magariba, ƙuguna yana tuna mini kowane rami.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na dawo da abu ɗaya. Mutum yana iya kashe dukiyarsa don ya kyautata wa tsohonsa, ya kuma ɗaure shi a ɗaki ba da saninsa ba. Alhaji bai yi rowa ba, ɗana bai yi ha'inci ba, kawai ba wanda ya tambaye ta. Muna daf da gida wani ya kira ɗana a waya yana son a yi masa harabar gida mai sheƙi. Na ji yaron bai tambayi faɗin filin ba tukuna. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, su wa za su riƙa takawa? Akwai tsoho a gidan?"