Ramin Tanimu na Saga

Duk wanda ya san hanyar Saga a farkon samun 'yancin kai ya san Tanimu, mutumin Tawa mai garka a bakin kogi. Ba a gane shi da riga, da wari ake gane shi. Kowace safiya sai ya kora jakinsa zuwa mayanka, ya kwaso kashin shanu da dattin tumbi, mahauta suna yi masa kirari da Sarkin Ƙazanta. Su kuwa ne farkon layi in albasarsa ta iso Babbar Kasuwa.

Abin da yake yi da dattin, mutane kaɗan ne suka damu su sani. Rami ne ya haƙa, zurfinsa ya kai ƙugu. Ya zuba kashi, ya shimfiɗa karan shinkafa, ya barbaɗa toka, ya yayyafa ruwa, ya maimaita har ya cika. Sai ya soke ƙarfe a tsakiya. In ya zare ya ji da zafi, takin bai nuna ba, duk shukar da ta same shi ƙonewa za ta yi. Sai wata uku, in ya huce ya yi baƙi yana ƙamshin ƙasa, sannan ake kai shi fangali.

Dukiyarsa ɗaya ce: irin albasar da ubansa ya ba shi cikin gora ranar da ya baro gida. Shekara ashirin da biyar yana shukawa yana fid da sabon iri. Bara kogi ya cika ya cinye fangalin iri, don haka bana ya juye ɗan abin da ya rage a gorar, ya zuba shi duka. Tsiro ya fito, kore shar.

Sai ga Yahaya, ɗan ƙanwarsa, ma'aikacin biro, wato ofis, mai wando da takalmi sau-ciki. Shugabansu na wurin aiki yana son ganin garkar ɗan ƙasa, Yahaya kuma ya riga ya cika baki.

"Kawu, wannan juji fa? Yanzu ƙasa tamu ce, ba a tara ƙazanta gaban baƙi."

"Bar shi, Yahaya. Sati ukku gare shi, bai nuna ba."

Yahaya ya ce to. To ɗin ɗan boko! Ranar Juma'a, da Tanimu ya tafi masallaci, ya kawo leburori biyu. Suka kwashe rabin ramin suka baza kan tsiron albasa, suka rufe sauran da zana, suka kwarara ruwa. A ganinsa ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: wari ya ragu, shuka ta sha taki. Wai mutumin da bai taɓa riƙe kwasa ba shi ne zai koya wa Tanimu noma. Wannan ba taimako ba ne, raini ne tsagwaronsa.

Tanimu ya dawo ya tarar da aikin gama ya gama. Ya durƙusa yana yashe takin da hannu har la'asar, amma ruwan ya riga ya kai shi saiwa. Shugaban ya zo, ya yaba, ya hau motarsa. Kwana uku, tsiron ya yi ɗorawa ya kwanta, ko ɗaya bai tashi ba.

Ran nan Yahaya ya iso da gwangwanin iri na kanti, da hoton albasa a jiki.

"Kawu, ka yi haƙuri. Ga wannan, daga Faransa yake."

Ran Tanimu ya ɓaci. Bai dubi gwangwanin ba. Ya cafke wuyan hannun Yahaya, ya ja shi bakin rami, ya yaye zanar, ya cusa hannun cikin takin har gwiwar hannu. Yahaya ya yi ƙara ya fizge, yana yarfe yatsu.

"Da zahi ko?" in ji Tanimu. "Kai kana da ƙahwa, ka janye. Su da kunka zuba musu, ina za su tahi?"



Tanimu ya ci gaba da zuwa mayanka har tsufa ya kayar da shi, kuma bai fasa noman albasa ba. Amma in mai saye ya yaba ta a kasuwa, sai ya tsuke fuska ya ce, "Ba ta Baba ba ce." Gorar kuwa tana nan rataye a bukkar garka, bai yarda kowa ya taɓa ta ba, ko da yake babu komai a ciki.