Maliki Musawa, Wanda Bai Taɓa Ganin Musawa Ba

Kafin ya hura wuta, Maliki yakan tsoma tsumma a ruwa ya goge guntun ƙarfen layin dogo da yake ƙira a kansa. Yana cikin gogewar nan sai Ndatsu mai busasshen kifi ya ɓullo da kwando, ya ja ya tsaya a bakin rumfa.

"Bakatsine bawana, an tashi lafiya? Ina gaisuwar ubangida?"

"Wuce, Banufe, kafin ƙarnin kifinka ya kashe mini wuta."

Wasan Katsinawa da Nufawa ke nan, yadda suka tarar iyayensu suna yi. Tun suna samari suke wannan gaisuwa a Sabon Garin Minna, yau ga shi furfura ta cinye kawunansu, ba wanda ya gaji. Ni ma da nake maƙwabtaka da maƙerar, da muryoyinsu nake gane gari ya waye.

Maliki Musawa ake kiransa, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Musawa ba. Kakansa Alhassan ne ɗan can, a ƙasar Katsina. Lokacin da Turawa suke shimfiɗa layin dogo, aka ce kowane dagaci ya kawo majiya ƙarfi. Aka ɗebo Alhassan daga bakin zugazugin ubansa, yana saurayi, aka ce idan kaka ta yi zai koma. Da suka ga ya iya bugun ƙarfe sai suka riƙe shi, suka yi ta gaba da shi har Minna. Kaka ta yi, wata ta biyo ta, bai koma ba. Ya yi aure a nan, ya haifu a nan, aka binne shi a nan. Abin da ya bar wa zuriyarsa shi ne sana'a, da guntun ƙarfen nan, da sunan garin da aka raba shi da shi. Duk yaron gidan da aka kai makaranta, da Musawa ake rufe sunansa, don kada tsohon ya yi kewa a kabari.

Maliki ya ƙera fartanya da lauje da gatari wa manoman Beji da kewaye har bayansa ya ranƙwafa. Yanzu kasuwa ta cika da kayan waje masu araha, wutarsa takan mutu tun kafin azahar. Bai cika kuka da wannan ba. Idonsa yana kan Fadila, jikarsa, 'yar ɗansa Hanif mai tuƙa keke mai ƙafa uku a unguwar Tunga. Yarinyar ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, ita ce ta fari a gidan da ta kai nan. Abu ɗaya ya rage: takardar shaidar cewa ita 'yar asalin jiha ce. In babu ita, gurbin ya zama na wata.

Hanif ya fara gwada Musawa. Ya ajiye keke, ya yi doguwar tafiya, ya dawo fuska a yamutse.

"Baba, sun karɓe ni da ruwan sanyi, amma sun ce in nuna gidanmu. Wane gida zan nuna? Wani tsoho ya ce ya ji labarin an taɓa ɗiban samari aikin dogo, ba su dawo ba. Sunayensu kuwa, ya ce sai Allah."

Sai aka juyo gida. A ofishin da ake tantancewa akwai wani ma'aikaci, Josiah, Bagware, wanda mahaifinsa ya yi noma da fartanyar Maliki shekara da shekaru. Josiah ya zo har rumfa ya durƙusa ya gaida shi.

"Baba, ku zo da dattijo ɗaya wanda ya san ku. In sun tambayi asalinku, ku ce Minna. Kada ku ƙara komai a kai. Minna kawai."

Wa ya san Maliki kamar Ndatsu? Ranar da aka sa, tsofaffin nan biyu suka sha manyan riguna masu ƙanshin adaka, Fadila tana biye da su cikin farin hijabi. Ɗakin tantancewar ƙarami ne, fanka tana juyawa a kasale. Mutum uku a bayan tebur, shugabansu a tsakiya da tabarau, Josiah a gefe riƙe da biro.

Shugaban ya dubi Ndatsu. "Baba, ka san wannan dattijo?"

Fuskar Ndatsu ta washe. Bakin da ya saba ba ya jiran izinin mai shi.

"Wannan? Yo ai bawana ne! Bakatsine ne, tun kakansa muke riƙe da su."

Ya yi dariya yana jiran a taya shi. Ba wanda ya taya. Biron Josiah ya tsaya cak. Dariyar ta bushe a bakin Ndatsu, ya shiga kame-kame: "Ranka ya daɗe, wasa ne fa, wasanmu ne na gado. A gabana aka yi masa kaciya, a nan garin."

Shugaban bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen Maliki cikin ladabi.

"Baba, kai za ka raba gardama. Ina ne asalinku?"

Kalma ɗaya ake nema, gajeriya, kuma gaskiya ce, don a Minna aka binne cibiyarsa da ta ubansa. Fadila ta zuba masa ido. Amma asali aka tambaya, ba wurin haihuwa ba, kuma tun yana yaro aka koya masa cewa wanda ya ɓoye garin kakansa ya tsine wa kansa. Ya tuno Alhassan yana zaune bakin wuta da yamma, yana lissafa unguwannin garin da ba zai sake gani ba. Maliki ya ɗaga kai ya dubi shugaban.

"Musawa ne, ranka ya daɗe. Amma ba mu muka zo ba. Kawo mu aka yi."

Shugaban ya cire tabarau ya murza ido. "Na sani, Baba. Wallahi na sani. Amma guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma ga sunan a jikin takardun yarinya. In na sa hannu yau, gobe ni za a tsayar. Ku nema a Katsina."

"Mun je. Sun ce ba su san mu ba."

Josiah ya sunkuyar da kai, ya yi magana kamar da tebur yake yi.

"Baba, inda tashar jirgin ƙasa take ɗin nan, tsofaffinmu sun ce gonakin dawa ne na mutanenmu. Su ma ba a tambaye su ba. Ku aka kawo, mu aka ture. Yanzu ga mu muna rabon abin da bai ishi kowa ba."

Aka turo wa Fadila takardunta ta kan tebur. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Mun gode," da muryar da ba ta rawa, wannan kuwa ya fi kuka ciwo. Ndatsu ya kama hannun rigar abokinsa, leɓɓansa suna motsi, a karon farko a rayuwarsa ya rasa da wane suna zai kira shi.

Maliki ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali. Ya so ya dubi jikarsa, wuyansa ya ƙi juyawa. A bakin ƙofa wata mata da ɗanta suna jiran a kira su. Ya raɓe ya ba su hanya, ya ce musu Allah ya ba da sa'a, sannan ya sa kai ya fita.