Neman Mai Wanke Hoto a Kebbe

Da asuba muka bar Tambuwal, ni da wani abokina, a kan babur ɗinsa. Na rungume jaka a ƙirji. A ciki akwai takardun hoto guda shida, ragowar kwalin da aka aiko mini daga Legas.

Wata uku ina koyon wanke hoto baƙi-da-fari da hannu, ina bin bidiyon Turawa a waya. Su a ƙasar sanyi suke. Ni kuwa duk takardar da na tsoma a magani sai ta fito baƙi ƙirin. Wani tela ne ya ce mini akwai tsohon mai hoto a Kebbe, amma ya ji ba shi da lafiya, bai san ko yana raye ba.

An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo. Gero ya yi tsawo har ba ka hango abin da ke gaba, kuma kowa ya san labaran da ake ji a kan hanyoyi yanzu. Duk babur da ya tunkaro mu sai na ji abokina ya rage gudu. A wani ƙauye muka tsaya cin ƙosai, wanda ya ƙanƙance kamar goro. Mai shayi ya ce hanya lafiya lau tun jiya. Wannan “tun jiya” ɗin bai kwantar mini da hankali ba.

Da hantsi muka shiga Kebbe. Shagon da aka kwatanta mana ya koma wurin cajin waya. Sai mai wurin ya ce ai tsohon mai hoton mahaifinsa ne, yana gida.

Mun same shi a zaure, idanunsa sun yi fari, ba ya gani sai inuwa. Kayan aikinsa an sayar tuntuni, littafin da yake rubuta awo kuma gara ta cinye. Na yi masa bayanin matsalata. Ya yi dariya.

“Ɗana, zahi na ka ƙone maka aiki. Ni cikin randa nika aje magani shi kwana, da sassahe in yi wanki.”

Har azahar yana koya mini. Ya kama hannuna ya nuna yadda ake tare haske da yatsu don fuska ta fito fes. Ya gaya mini yadda yake jera ganyen tsamiya a gefen takarda ya yi wa hoton amare ado, da yadda yake jiƙa hoto a ruwan shayi ya yi ja-ja. Na ɗauki muryarsa a waya, ina ta leƙen caji. Ɗansa yana tsaye, ya ce bai taɓa jin wannan ba. Da za mu tafi, tsohon ya ce su huɗu ne suka iya aikin a yankin, shi kaɗai ya rage.

Hadari ya biyo mu, amma mun iso Tambuwal kafin magariba. Washegari na bi maganar tsohon, hoto ya fito, har da zaren hular mutumin da na ɗauka.

Na gane cewa abin da na yi wata uku ina nema a waya yana nan kusa, a bakin wani tsoho da ba mai tambayarsa. Yanzu ina da tambayoyi cike da takarda, kuma kullum ɗansa ya kira ni sai na yi addu’a kada ya zama labarin rasuwa kafin in ɗauka.