Motar da Na Shayar da Ruwan Rijiya

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara kwararowa ƙasar nan, ni malamin gona ne a Wudil, matashi da bai daɗe da aure ba. Aikina yawo ne ƙauye-ƙauye, yau Indabo gobe Ɗankaza, ina nuna wa manoma yadda ake zuba takin zamani. Iyayena suna zaune a Lajawa, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya fara cin albashin gwamnati. Da aka yi mana ƙarin albashi sai kowa a ofis ya shiga neman abin hawa. Abokan aikina suka sayi babura da motoci irin na kowa, ni kuwa na ƙyalla ido a kan motar wani Bature, injiniyan hanya, da ke shirin komawa ƙasarsu, har na saye ta. Ina rubuto muku labarin motar nan ne, ko wani ya ƙaru da shi.

Injinta yana da abin da ake kira turbo, wata 'yar fanka da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma tana cusa iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi. Da sanyi lafiya lau take tafiya. Amma da bazara ta kama, ko yaya na taka totur sai in ji ƙara a cikin injin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kanikawan Wudil suka duba suka ce ba su taɓa buɗe irinta ba. Aka kwatanta mini wani dattijon bakanike a Kano wanda ya taɓa aiki a filin jirgin sama. Ya saurari ƙarar, ya ce iskar da turbo ke turawa ce take yin zafi fiye da kima, man yake kamawa da wuta kafin lokacinsa. Ya ce maganinta a riƙa fesa ruwa kaɗan-kaɗan cikin iskar don ta huce, kuma ya ga ana yi wa wasu jirage haka. Ya ɗaura mini 'yar tanki da famfon wanke gilashi da wani ɗan bakin feshi mai ƙofa kamar ta allura. Ya ja mini kunne cewa ruwa mai tsabta kawai zan riƙa zubawa.

Ƙarar ta ɗauke sarai. Daɗin haka ya sa na koma na roƙe shi ya ƙara buɗe turbo ɗin don motar ta fi gudu. Ya ce zai yi, amma in sani daga wannan rana, ran injin yana hannun ruwan nan. Ni ko a jikina. A Wudil aka sa mini suna mai shayar da mota, ina dariya. Ruwan da nake zubawa na rijiyar gidanmu ne a Lajawa, garau da shi, shi muka sha muka girma. A tunanina babu ruwan da ya fi shi tsabta.

Wata Juma'a da hantsi, lokacin sharar gona, ƙanena ya zo a keke ya ce kububuwa ta sari Baba a ƙafa. Na isa Lajawa na tarar ƙafar ta fara kumbura, jini na tsatstsafowa daga dasashinsa. Muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Inna. A asibitin Wudil aka ce babu allurar dafin, sai Kano. Na duba tankin ruwa na gan shi cike, hankalina ya kwanta, ban tsaya tambayar kaina me ya sa bai ragu ba tun cikawar da na yi masa. Muka haye gadar Wudil na taka motar iya ƙarfina. Ba mu yi nisa ba tsakuwar nan ta fara kaɗawa. Na ji ta, amma ina hango fuskar Baba a madubi, ƙafata ta ƙi ɗagawa. Can sai motar ta yi wata irin girgiza, hayaƙi ya turnuƙe ta baya, ta mutu a gefen titi cikin tsakar rana.

Na tsaya a tsakiyar kwalta na buɗe hannuwa. Motoci suka riƙa kauce mini suna wucewa. Wadda ta tsaya babbar mota ce da ta ɗauko shanu daga kara, wato kasuwar dabbobi. Direban bai tambaye ni komai ba, ya sauko muka cicciɓi Baba muka sa shi a gaba, Inna na riƙe da shi, ni na maƙale a baya tare da shanun. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma jinkirin ya yi ɓarna. Ya daɗe a asibiti, ƙafar kuwa ba ta sake komawa daidai ba, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa.

Da aka janyo motar, dattijon bakaniken ya buɗe injin a gabana. Fistin ɗaya, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, ya narke ya huje. Ya zaro bakin feshin ya ɗaga shi a rana, ƙofar ta toshe da wani farin abu kamar wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Ya ce gishirin da ke cikin ruwan rijiya ne, ido ba ya ganinsa, kuma ruwan batir ko ruwan sama tatacce yake nufi. Ya ce ya so a ce ya fayyace mini. Ni ma na so a ce na tambaya.

'Yan'uwa suka taso mini da cewa in sayar da ita ga 'yan gwangwan, motar da ke shan ruwa ba alheri a cikinta. Har na amince. Baba ne ya hana, yana kwance a gadon asibiti. Ya ce in na yar da ita, da me za a ɗauki na gaba da maciji zai sara? Ya ce in je in gyara, in kuma koyi abin da ban sani ba.

Na koma hawa keke zuwa aiki, ana yi mini dariya a tasha. Fistin irin nata babu a Kano, sai da wani direban tirela ya nemo mini a Legas bayan dogon jira. Duk ƙarshen mako ina garejin dattijon, malamin gona da baƙin mai har gwiwar hannu, sai da na san kowane noti na injin nan. Na ce a mayar da turbo ɗin yadda masu ƙera ta suka saita shi, don ko ruwa ya yanke injin ya iya kai ni gida a hankali. Muka sa matatar ruwa a bututun, muka ɗaura ɗan jan ƙwan fitila a gaban direba da ke kamawa idan ruwa bai fita ba. Ranar da ta tashi, kai tsaye Lajawa na nufa. Baba ya dogara sandarsa ya zagaya ta, ya shiga gaba ya zauna, ya ce in kai shi ya ga gonarsa. Bayan haka motar ta yi shekaru tana kai masu naƙuda da marasa lafiya asibiti, ba ta sake tsayawa da kowa a hanya ba.

Yanzu da motoci masu turbo suka cika gari, ina jin matasa na maganar fesa ruwa don ƙarin gudu. Dabarar tana aiki, ni shaida ne. Amma duk wanda zai yi, ya tambaya har sai ya gane wane ruwa ake nufi, kada ya ƙara wa inji ƙarfin da ba zai iya ɗauka ba in ruwan ya yanke, kuma in ya ga tanki bai ragu ba ya tsorata. Ranar da mutum zai fi bukatar motarsa ba ta yin sallama, kuma ba shi kaɗai ne a ciki ba. Injin ya gyaru, ƙafar Baba ba ta gyaru ba.